Daga Asusun Likkafani Zuwa Banki: Tarihin Masu Ɗinki Yahudawa a New York

Gudummawata a bana tarihi ne na wasu talakawa masu ɗinki da suka rayu a birnin New York na Amurka sama da shekara ɗari da suka wuce. Yahudawa ne baƙin haure, kuma labarin nasu ya faru tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, saboda haka kada hankalinmu ya tafi ga siyasar yau. Abin da ya sa na zaɓe su shi ne, sun faro da abin da muka faro da shi: 'yan kuɗin da ake zubawa duk wata, da littafin da ake rubuta sunan wanda ya biya. Daga nan suka kai ga asibiti da banki da gidaje nasu na kansu. A kan hanya kuma sun yi asarar rayuka 146 a yini ɗaya, saboda wata magana da aka bari ba a rubuta ba.

Inda suka fito

Mafi yawansu daga ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Rasha suka fito, wato wuraren da yau ake kira Yukren da Polan da Lituweniya da Belarus. Doka ta killace su a yanki ɗaya, ba su da damar zama inda suka ga dama, ba a yarda su mallaki gona ba a mafi yawan wurare. Shi ya sa da yawansu suka riƙe sana'ar hannu, musamman ɗinki. A 1881 aka kashe Sarki Alexander na Biyu, sai aka riƙa far wa unguwanninsu ana kisa da kwasar ganima. A 1903 ma an yi irin wannan a garin Kishinev, aka kashe mutum 49. Talauci a gaba, tsoro a baya, sai suka kama hanyar teku. Tsakanin 1881 da 1924, wajen Yahudawa miliyan biyu ne suka bar gabashin Turai suka shiga Amurka.

Jirgi kan sauke su a tsibirin Ellis, likita ya duba ido da ƙirji, sannan a sake su cikin gari. Akasarinsu a unguwar Lower East Side suka yada zango. Gidajen haya ne na bene, hawa biyar ko shida, ɗakuna uku ƙanana ga iyali guda, wasu ɗakunan ko taga babu. Duk da haka sai an sa ɗan haya ya kwana a kicin don a samu cikon kuɗin wata. A lokacin, unguwar tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duniya.

Aikin da suka tarar

Lokacin da suka iso, Amurkawa sun fara barin kai yadi wurin tela, sun koma sayen kaya ɗinkakku a kanti. Keken ɗinki na Singer ya bazu, kuma New York ce cibiyar wannan kasuwa. To amma ku ji yadda aka tsara abin. Babban mai kamfani zai yanka yadi, ya ba ɗan kwangila. Ɗan kwangilar da ya yarda da farashi mafi ƙasa shi ke samun aiki. Shi kuma ba shi da inda zai fanshe sai a jikin ma'aikata. Duk wadda ta taɓa saro kaya ta hannun dillali uku ta san wanda ke ɗaukar asara a ƙarshe.

Ba a biyan mutum don ya iya ɗinka riga sukutum. An rarraba aikin: wannan hannun riga kawai take haɗawa, waccan wuya, wata maɓalli, wata yanke zare, maza kuma yanka da guga. Ana biya ne gwargwadon yawan abin da hannunki ya fitar. Yarinya 'yar koyo kan tashi da dala 3 ko 4 a mako. Idan kasuwa ta buɗe, a yi awa 60 zuwa 70 a mako, idan ta rufe a sallame ki ba ko sisi. A cikin ɗan abin da aka ba ki za a cire kuɗin allura, da na zare, da na wutar da ke juya keke, a wasu wuraren har da na kujerar da kike zaune a kai. Kin makara, tara. Yadi ya ɓaci, tara. Ƙurar yadi da rashin iska suka sa tarin fuka ya yi musu katutu, har ana kiransa ciwon teloli.

Asusu ne farko

Abin da ya fara haɗa kan waɗannan mutane shi ne tsoron mutuwa a baƙon wuri. Mutum ya rasu ba shi da kowa, hukuma ta kai shi maƙabartar marasa gata, ba wanka, ba addu'a irin ta addininsa. Don gudun haka, mutanen da suka fito daga gari ɗaya suka riƙa kafa ƙungiyar 'yan gari. A harshensu na Yiddish ana ce mata landsmanshaft. Kamar dai yadda 'yan garinmu da ke ci-rani a Legas ko Kumasi suke da sarkinsu da taronsu.

Kowace ƙungiya tana da shugaba da sakatare da ma'aji da tsarin mulki a rubuce. Abu na farko da suke saye shi ne fili a maƙabarta. Ɗan ƙungiya ya rasu, su yi masa sutura, su ba matarsa wani abu. An yi wa mutum rasuwa ya zauna makokin kwana bakwai bai je aiki ba, a biya shi ɗan abin da zai riƙe gida. Ya kwanta ciwo, akwai likitan da ƙungiya ta ɗauka tana biyansa a shekara, akwai kuma kwamitin dubiya, wanda ke gaishe da mara lafiya ya kuma tabbatar ciwon na gaske ne. Wani bincike da aka yi a 1938 ya ƙirga irin waɗannan ƙungiyoyi kusan 2,500 a New York kaɗai.

Sai maganar jari. Addininsu ya hana su karɓar ruwa a kan bashin da suka ba ɗan uwa. A 1892 wasu mutane ƙalilan suka haɗa dala 95 suka buɗe ƙungiyar ba da rance ba ruwa mai suna Hebrew Free Loan Society. Mai tura baro ya karɓi abin sarin kaya, tela ya karɓi kuɗin keke, ya kawo masu tsaya masa, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk mako. Ƙungiyar nan tana nan har gobe, kuma tana ba kowa rance ba tare da duba addininsa ba.

A shekarar 1892 ɗin dai, wasu masu ɗinkin kwat suka taru a wani ɗakin haya a titin Essex suka kafa Arbeter Ring, wato Da'irar Ma'aikata, wadda a Turance a wancan lokacin ake kira Workmen's Circle. A 1900 ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Ita ba ta tambayar garin da ka fito, ma'aikaci kawai take nema. Ta bambanta da yawancin ƙungiyoyin 'yan gari ta fuska biyu. Na ɗaya, su can mata reshen taimako kawai ake ba su, su dafa abinci su tara gudummawa, ita kuwa ta karɓi mata a matsayin cikakkun mambobi. Na biyu, ta kafa doka cewa duk wanda ya shiga aiki a inda 'yan uwansa ke yajin aiki, an kore shi. Ku duba nauyin wannan doka: wanda ya ci amanar yajin aiki ya rasa likitansa, ya rasa kuɗin jinya, ya rasa kabarinsa. A 1910 ta buɗe asibitin masu tarin fuka a garin Liberty, kuma a wajen 1925 mambobinta sun haura 80,000.

A irin waɗannan tarurruka ne mutanen da ba su taɓa jefa ƙuri'a a ƙasarsu ba suka koyi ɗaga hannu kafin magana, da zaɓen shugaba, da tambayar ma'aji ina kuɗi suka shiga. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ilmin da suka samu a nan shi suka ɗauka zuwa ƙungiyar ƙwadago.

Matan gida sun riga kowa

Kafin 'yan matan masana'anta su motsa, iyayensu mata sun gwada ƙarfinsu a kasuwa. A watan Mayun 1902 farashin naman da aka yanka bisa ƙa'idar addininsu ya tashi daga santi 12 zuwa 18 a kan laba ɗaya. Matan unguwa suka bi gida-gida suna cewa kada wadda ta saya. Suka tsaya a ƙofar mahauta, wadda ta fito da ƙunshin nama a ƙwace a watsar a titi, wani ma a zuba masa kananzir. An kama da dama an ci su tara, sauran suka yi karo-karo suka biya. Cikin 'yan makonni farashi ya sauko zuwa santi 14. A ƙarshen 1907 kuma wata yarinya ma'aikaciyar ɗinki mai suna Pauline Newman ta shiga gaba wajen haɗa dubban iyalai suka ƙi biyan haya har sai an rage.

Yajin aikin 1909

An kafa ƙungiyar ƙwadagon masu ɗinkin kayan mata, ILGWU, a 1900. Shugabanninta maza ne, kuma ra'ayinsu shi ne ba a iya haɗa kan 'yan mata: yau suna aiki, gobe an yi musu aure sun tafi. Reshe na 25, na masu ɗinka rigunan mata na sama, kafin yajin bai wuce mutum ɗari ba, asusunsa kuwa 'yan daloli ne da ba su cika tafin hannu ba.

Cikin waɗanda suka kafa reshen akwai Clara Lemlich. An haife ta a 1886 a garin Gorodok na Yukren. Iyayenta ba su so ta koyi karatun Rashanci ba, sai ta riƙa ɗinka ramin maɓalli tana rubuta wa maƙwabta wasiƙa, da kuɗin take sayen littafi a ɓoye. Sun iso New York a 1903. Da rana tana kan keke, da dare tana ajin manya ko ɗakin karatu. A 1909, lokacin da take jagorantar yajin aiki a shagon da take, 'yan dabar da aka yi haya suka tare ta suka karya mata haƙarƙari shida. An kama ta sau 17.

Ranar 22 ga Nuwamba 1909 aka kira babban taro a zauren Cooper Union. Manyan shugabannin ƙwadago, har da Samuel Gompers, suka shafe wajen awa biyu suna jawabi, kowa na cewa a yi hattara. Sai Clara, tana da shekara 23, ta nemi a ba ta dama. Aka ɗaga ta kan dandamali. Da Yiddish ta yi magana, ta ce ta gaji da sauraron jawabi, ita ce mai shan wahalar da ake ta bayani a kai, don haka ta kawo shawarar a tafi yajin aikin gama-gari. Zauren ya ɗauka, aka ɗaga hannu aka yi rantsuwa. Cikin kwana biyu, ma'aikata sama da 20,000 suka bar kekunansu. Mafi yawansu 'yan mata ne Yahudawa, da 'yan Italiya a cikinsu, da yawa ba su kai shekara ashirin ba.

Lokacin hunturu ne, da dusar ƙanƙara, kuma da yawansu ba su da rigar sanyi ta kirki. A watan farko kaɗai 'yan sanda sun kama sama da 700, alƙalai suka tura wasu gidan yari na aikin wahala. Me ya riƙe su mako goma sha ɗaya ba albashi? Ƙungiyoyin nan na taimakon juna da sauran ƙungiyoyin ƙwadago sun tara gudummawa, jaridarsu ta Yiddish mai suna Forverts ta riƙa yayata kiran taimako, zaurukan taron unguwa suka zama wurin rajista da rabon ɗan abin da aka samu. Ƙungiyar mata ta Women's Trade Union League ta kawo lauyoyi da kuɗin beli. Har matan attajirai irin su Anne Morgan da Alva Belmont suka shigo, domin ɗan sanda na jin nauyin ɗaga kulki idan matar babban mutum na tsaye a wurin. Sai dai da tafiya ta yi nisa, wasu daga cikin masu kuɗin suka janye, don sun ga 'yan matan sun nace sai an amince da ƙungiyarsu.

A watan Fabrairun 1910 aka janye yajin. Shaguna fiye da 300 suka sa hannu: awa 52 a mako, hutu huɗu a shekara da albashi, an daina cire kuɗin allura da zare da wuta. Reshen da bai wuce mutum ɗari ba ya koma na dubbai. Ganin haka, a watan Yuli masu ɗinkin kwat, mafi yawansu maza, su wajen 60,000, suka bi sahu. Lauya Louis Brandeis ya shiga tsakani aka yi yarjejeniyar sulhu, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa mai duba tsafta da lafiya a shaguna. A Chicago ma a shekarar, wasu 'yan mata ƙalilan, cikinsu da Hannah Shapiro da Bessie Abramowitz, suka fice daga kamfanin Hart Schaffner & Marx don an rage musu rubu'in santi a kan kowane wando. Kafin a ankara mutum wajen 40,000 sun bi su. Daga wannan tushe aka kafa ƙungiyar Amalgamated a 1914, da Sidney Hillman a kan gaba.

Ƙofar da aka kulle

Akwai manyan kamfanonin da suka ƙara albashi a 1910 amma suka ƙi amincewa da ƙungiya. Ɗaya daga ciki shi ne Triangle, na Max Blanck da Isaac Harris. Su ma fa Yahudawa ne baƙin haure, su ma da ɗinki suka fara. Zama ɗan gari ɗaya ko addini ɗaya bai hana mai kamfani zama mai kamfani ba. Ma'aikatan suka koma bakin aiki ba wata takarda da ta tilasta a bar ƙofofi a buɗe ko a gyara hanyar tsira.

Ranar Asabar 25 ga Maris 1911, wajen ƙarfe biyar saura na yamma, ana shirin tashi, wuta ta kama a kwandon ƙyallaye a hawa na takwas. Kamfanin na hawa na takwas da tara da goma ne. Aka buga waya aka sanar da na goma, inda masu kamfanin suke, suka haye rufin bene suka tsira. Na tara ba wanda ya gaya musu sai da suka ga hayaƙi. Matakala ɗaya wuta ta cinye ta. Ƙofar ɗayar kuwa a kulle take, domin ana so kowace ma'aikaciya ta fita ta hanya guda a duba jakarta kada ta saci yadi. Matakalar ƙarfe ta waje ta karye da mutane a kai. Masu tuƙa lifta sun yi ta hawa da sauka suna kwaso mutane har zafi ya hana. Tsanin 'yan kwana-kwana iyakarsa hawa na shida. 'Yan mata suka riƙa faɗowa ta taga, jama'a na tsaye a titi suna kallo ba yadda za su yi.

Abin bai kai rabin awa ba. Mutum 146 suka mutu, mata 123 da maza 23. Mafi ƙanƙanta shekarunsu 14. Yawancinsu Yahudawa ne da 'yan Italiya, kuma da yawa su ke ciyar da iyayensu, wasu ma su ke aika kuɗi can gida Turai.

Nan asusun likkafani ya yi ranarsa. Ƙungiyar binne marasa hali ta Hebrew Free Burial Association ta binne 22 a maƙabartarta da ke tsibirin Staten. Da'irar Ma'aikata ta binne wasu a filinta, ƙungiyoyin 'yan gari suka ɗauki nasu. Ranar 5 ga Afrilu mutane sama da 100,000 suka yi tattakin makoki cikin ruwan sama. A wani taro da manyan gari suka kira, Rose Schneiderman, wadda ita ma da ɗinkin hula ta fara, ta gaya musu a fuskarsu cewa sadakar da suke kawowa bayan an mutu ba ta isa ba, kuma ma'aikata ba su da mai ceton su sai ƙungiya mai ƙarfi ta kansu.

Kotu ta wanke masu kamfanin a watan Disamba, wai ba a tabbatar sun san ƙofar a kulle take ba. Daga baya wasu iyalai da suka kai ƙara aka ba su dala 75 a kan kowane rai, alhali kuɗin da inshora ta biya kamfanin ya haura asarar da ya yi. A 1913 aka sake kama Blanck ya kulle ƙofa lokacin aiki, aka ci shi tarar dala 20.

Duk da haka jinin bai tafi a banza ba. Jihar New York ta kafa kwamitin binciken masana'antu ƙarƙashin Robert Wagner da Al Smith, kuma Pauline Newman da ire-irenta suka riƙa kai 'yan majalisa suna gani da idonsu. Aka yi dokoki sama da 30: ƙofa ta buɗe ta waje, a sa bututun yayyafa ruwa a manyan benaye, a riƙa gwajin fita idan gobara ta tashi, a rage awannin mata da yara. Wata mata mai suna Frances Perkins tana cikin waɗanda suka ga faɗowar 'yan matan. A 1933 ta zama ministar ƙwadago, mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Amurka. A zamaninta aka yi dokar 1938 da ta kafa mafi ƙarancin albashi ta kuma kai makon aiki zuwa awa 40.

Abin da suka gina

Da ƙungiyoyin suka yi ƙarfi, sai suka koma kan abin da suka saba, wato taimakon juna, amma a babban faifai. ILGWU ta buɗe cibiyar lafiya ta mambobinta 'yan shekaru bayan gobarar, inda Pauline Newman ta yi aiki shekaru da dama. A 1919 suka sayi wurin hutu a jihar Pennsylvania, don mai ɗinki ita ma ta san iska mai daɗi. Fannia Cohn ta riƙe sashen ilmi, aka buɗe azuzuwan dare na Turanci da tarihi da tattalin arziki. Mu da muka zauna a ajin yaƙi da jahilci da furfura a kai mun san abin da ake nufi da riƙe fensir bayan an yini a tsaye.

A 1923 Amalgamated ta buɗe bankinta a New York, wanda har yau yana aiki. A 1927, da jagorancin Abraham Kazan, suka gina gidajen haɗin gwiwa a unguwar Bronx, iyalai 303 a karon farko. Iyali su zuba dala 500 a kan kowane ɗaki a matsayin hannun jari, wanda ba shi da su a ba shi rance. Ba mai gida, mazauna su ne masu gida. Ƙa'idojin da suka bi su ne na masaƙan Rochdale na Ingila, su 28 da suka buɗe kanti a 1844: kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, kuma a ware wani abu don ilmi. Ƙa'idojin nan ne dai tushen ƙungiyoyin gama-kai irin tamu, waɗanda aka yi wa doka a Nijeriya a 1935. Ranar mata ta 8 ga Maris ma tana da jijiya a nan, domin Theresa Malkiel, wadda ta tsaya aka fara ranar mata a Amurka a 1909, baƙuwar haure ce da ta fara da ɗinkin kwat.

Inda suka yi rauni

Tarihi ba yabo kaɗai ba ne. Mata su ne mafi yawa a ILGWU, su suka sha kulki, amma kujerun sama na maza ne. Sai a 1916 Fannia Cohn ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaba. A 1944 Rose Pesotta ta bar kujerarta a majalisar zartarwa, tana cewa mace ɗaya tilo ba za ta wakilci ƙungiyar da mata suka kai kashi 85 cikin ɗari ba. A shekarun 1920 kuma rikicin siyasa ya raba kansu, aka yi wani dogon yajin aiki a 1926 da ya bar asusun ƙungiya cikin bashi. Clara Lemlich kanta masu kamfani sun hana ta aiki bayan 1909. Ba ta daina ba, ta koma haɗa kan matan gida a kan tsadar abinci da haya. Ko a gidan kula da tsofaffi a Los Angeles sai da ta taimaka wa ma'aikatan wurin suka kafa ƙungiya. Ta rasu a 1982 tana da shekara 96.

Ƙungiyoyin 'yan gari kuwa, tsufa ne ya ci mafi yawansu. Dokar 1924 ta rufe ƙofar shigowa, sabbin mambobi suka yanke. 'Ya'yan da aka haifa a Amurka suka yi karatu suka bar unguwa, ba su jin Yiddish sosai, kuma iyayen ba su ja su cikin taro ba. Gwamnati ta kawo fansho a 1935. A ƙarshe wasu ƙungiyoyin ba abin da ya rage musu sai filin maƙabarta da tsoho ɗaya riƙe da littafi.

Masana'antun ma sun tashi sun bi inda ƙwadago ke da araha. Duk mai buɗe dilar gwanjo ta duba wuyan riga, sau da yawa za ta ga an rubuta Bangladesh. A can ne ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a kan masu ɗinki, mutum 1,134 suka mutu, bayan an ga bango ya tsage tun jiya aka ce su shiga aiki.

Abin da ya shafe mu

Ni dai abu huɗu na tsinta. Kuɗin wata da muke ganin ƙanƙantarsu su ne ƙashin bayan komai, domin ba don asusun da aka daɗe ana tarawa ba, da jawabin Clara bai kai mako biyu ba yunwa ta mayar da kowa kan keke. Wadda take jinkirin zubi ta sani ba ma'aji take wahalarwa ba, 'yar uwar da za ta kwanta asibiti wata mai zuwa take wahalarwa.

Duk yarjejeniyar da za mu yi, da hukumar kasuwa ce a kan rumfa, da banki ne a kan rance, ko da dillali ne, a rubuta, a karanta mana da ƙarfi, a sa hannu, mu riƙe kwafi. Kuma kowace mamba ta iya duba littafin lissafi da idonta, wanda hakan ke nufin ajin karatu ba na masu lokaci ba ne kawai, na kowa ne.

Idan an zo zaɓe, kada kunya ta sa mu miƙa wa wani alƙalami da makullin asusu don kawai ya fi mu iya Turanci. Mai zubi ita ke da haƙƙin riƙe kujera da tambayar lissafi.

Na ƙarshe, 'ya'yanmu mata. Wadda ta kai munzali a zo da ita taro, a ba ta rubuta sunaye, a koya mata yadda ake raba riba, a saurari shawararta ko da ta saɓa da tamu. Waɗanda suka girgiza New York a 1909 sa'o'in 'ya'yanmu ne, 'yan sha shida zuwa ashirin da 'yan kai.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya nuna mana na baɗi lafiya.